Wasiƙa ga aminina kan haɗarin tuƙin jirgin yaƙi

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, saƙonka ya iso gare ni, kuma na fahimci damuwarka kan burin ɗanmu na zama matuƙin jirgin saman soja. Ka ce abin da ke hana ka barci shi ne ranar da za a tura shi fagen daga. Ni kuwa hankalina ya fi tashi a kan shekarun da zai yi yana atisaye, domin a nan ne matuƙin soja ke ƙarar da yawancin rayuwarsa ta aiki, kuma a nan ne mutuwa ta ɗauki da yawa daga cikinsu.

Tsakanin 1941 da 1945, kusan mutum 15,000 na rundunar saman Amurka suka rasu a haɗurran jirgi a cikin ƙasarsu, galibinsu a wajen horo, ba su taɓa yin ido biyu da maƙiyi ba. Jamus ta Yamma ta mallaki jiragen yaƙi samfurin F-104 guda 916, ta rasa 292 tare da matuƙa 116, alhali ba yaƙi take yi ba. Ko Yuri Gagarin, wanda ya fara zuwa sararin samaniya ya dawo lafiya, a jirgin horo samfurin MiG-15 ajalinsa ya same shi ranar 27 ga Maris, 1968, shi da malaminsa.

Dalilin da na fi so ka gane shi ne, jikin ɗan'adam ba a halicce shi don wannan aiki ba. Idan jirgi irin F-16 ya yi kwana mai tsanani cikin gudu, nauyin matuƙin kan ninka har sau tara, jini ya sauka daga kai ya taru a ciki da ƙafafu, launuka su dushe, ganinsa ya ƙanƙance daga gefe kamar mai leƙen cikin bututu, daga nan sai duhu, sai suma. Shi ya sa suke sanya wando na musamman da ke kumbura da iska yana matse cinyoyi da ciki, kuma ake koya musu ɗaure tsoka da jan numfashi gajere-gajere. Jirgin da ke gudun kilomita 900 a awa yana cin mita 250 a kowace daƙiƙa, saboda haka sumar 'yan daƙiƙoƙi kusa da ƙasa ta wadatar. Akwai kuma ruɗin da ke zuwa cikin gajimare ko duhun dare, inda cikin kunne yake shaida wa mutum cewa jirginsa a miƙe yake alhali ya karkata yana gangarawa, kuma ba abin da zai cece shi sai ya ƙaryata jikinsa ya gaskata na'urorin da ke gabansa. Kujerar tsira ta kamfanin Martin-Baker, wadda ke cilla matuƙi waje idan jirgi zai faɗi, ta ceci fiye da mutum 7,000, amma ƙarfin da take cilla mutum da shi kan taɓa ƙashin baya.

Kada ka ɗauka wannan labarin zamanin da ne. Kwamitin da majalisar dokokin Amurka ta kafa ya ba da rahoto a Disambar 2020 cewa daga 2013 an rasa rayuka 224 da jirage 186 a haɗurran da ba na yaƙi ba, asarar da ta kai dala biliyan 11.6. Abin da ya fi damuna a rahoton shi ne dalilan da ya lissafa: matuƙa ba sa samun isassun awannin shawagi, makanikai sun gaji kuma ƙwararrun cikinsu suna barin aiki, kayan gyara ba sa isa a kan lokaci. Wato rage atisaye ƙara haɗarin yake yi, kuma ran yaron nan zai rataya ne a hannun makanikin da ya duba injin da tsakar dare, wanda ba zai taɓa sanin sunansa ba. Idan ƙasa mai wannan dukiya ta yi irin wannan kuka, ka ga ke nan abin dubawa ne a ko'ina.

Ba na ba ka shawarar ka hana shi, domin aiki ne mai daraja, kuma mafi yawan masu yin sa suna ritaya lafiya. Abin da nake roƙonka shi ne ka zaunar da shi ka karɓi alkawari a kan abu ɗaya: ranar da ya kwana bai yi barci ba, ko ya ji jiri, ko ya ga alamar da bai yarda da ita ba a jikin jirgi, ya faɗa wa na gaba da shi ba tare da jin kunyar abokansa ba, ko da hakan zai jinkirta masa kammala horo. Ka kuma ba shi wannan wasiƙa ya karanta da kansa.

Ka gaishe mini da mahaifiyarsa da sauran yara. Allah ya tsare mana shi, ya yi masa jagora.

Naka amini a kullum.