Wasiƙa daga Tawa a kan rago, mussa da karen Azawak

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, na samu saƙonka inda ka ba ni labarin yadda mutanen Faransa suka ɗauki kare da kyanwa tamkar 'ya'yan cikinsu, har ka tambaye ni abin da muke kiwo a gida yanzu.

A nan Adar, kamar yadda ka bar mu, rago ne ɗan lelen gida. Uwargida tana da balami fari tas wanda ba ya shan dusa sai ita ta dama masa da kanwa, kuma da ya ji motsin takalminta a zaure zai fara kuka yana jan igiya. Tun yanzu tana zullumin zuwan layya. Yara sun cika bayan ɗaki da tantabaru, mussa kuwa tana kwana a bakin rumbu, ba mai korar ta, domin kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa har yunwa ta kashe ta.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kare. Wannan siririn kare mai dogayen ƙafafu da ka ce ka gani ana tinƙaho da shi a can, ai namu ne, sunansa ma daga kwarin Azawak ya samo shi, kuma sai a shekarun 1970 aka fara kai shi Turai. Buzaye da Fulanin wajen Abalak da Cintabaradan sun san darajarsa, yana gadin garke, yana kamo zomo da barewa, su kuma suna ba shi nono daga abin da suke sha. Amma a cikin gari jifa ce rabonsa, alhali malamanmu sun halatta ajiye kare don gadi da kiwo da farauta. Wannan yana ɓata mini rai ƙwarai.

Da kakar bara wani makiyayi ya ba ni ɗan kwikwiyo ja mai farin ƙirji. Na kai shi wurin likitan dabbobi an yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare, yanzu yana kwana a ƙofar garken balamin. Ina roƙon ka tambayar mini masu kiwonsa a can yadda yake jure sanyinsu, tun da ba shi da kitse ko gashin kirki.

Ka gaishe da mai ɗakinka da yara.

Naka amini,
daga Tawa