Gasar lissafi: 2178 ma amsa ce, ku mayar wa yara haƙƙinsu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Amsar da kuka buga ta gasar lissafin ɗalibai ba ta cika ba, kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yaran da kuka kayar alhali su ne da gaskiya. Kun ce 1089 ce kaɗai lambar da idan aka juya ta za ta raba juyin nata ba ragowa. Wa ya faɗa muku haka? Ku buɗe kalkuletar wayarku yanzu, ku buga 2178 sau 4. Za ta ba ku 8712. Ku karanta daga dama zuwa hagu. To da wane dalili aka cire sunan duk wanda ya aiko da 2178?

Gaskiya ne 1089 sau 9 tana ba da 9801, ban musa ba. Amma a lambobi masu gurbi huɗu amsoshin biyu ne, kuma ɗan aji uku na ƙaramar sakandare zai iya tabbatar da haka da biro da takarda. Ga yadda ake yi idan lambar sau 4 ce ke ba da juyinta. Tunda sakamakon bai kamata ya wuce gurbi huɗu ba, lambar farko 1 ce ko 2, domin 3000 sau 4 ya riga ya kai 12000. Duk abin da aka ninka da 4 cika yake fitowa, ba mara ba, kuma lambar farkon nan ita ce za ta koma ƙarshen sakamako, saboda haka 2 ce. Ta ƙarshe kuwa dole idan aka ninka ta da 4 ta ƙare da 2, wato 3 ko 8, amma sakamakon ya fara daga 8000 zuwa sama, sai 8 ta tsaya. Yanzu 8 sau 4 talatin da biyu, a rubuta 2 a riƙe 3. Lamba ta biyu ba za ta wuce 2 ba, in ba haka ba za ta tura riƙo gaba ta ɓata 8 ɗin, kuma mara ce tunda an ƙara 3 a kan cika, ke nan 1. Ta uku ta rage tsakanin 2 da 7. A gwada: 2128 sau 4 ya ba da 8512, bai yi ba. 2178 ta yi. Shi ke nan.

Sauran masu ninkawar duk a bakin ƙofa suke faɗuwa. Da 5, lambar farko dole 1, amma ninkin 5 da sifili ko 5 yake ƙarewa. Da 6 ko 8, lambar farko 1 ce, sakamako kuma cika. Haka 2 da 3 da 7, farko da ƙarshe ba sa jituwa. Wannan hujjar ba ruwanta da tsawon lamba, shi ya sa 4 da 9 ne kaɗai suke aiki, ko gurbi nawa ne.

Da a lambobi masu gurbi huɗu kuka tsaya, da da sauƙi. Amma kun rubuta "kaɗai" ba tare da iyaka ba, alhali irin waɗannan lambobi ba su ƙarewa. A cusa 9 a tsakiyar 2178, a sami 21978, sau 4 ya zama 87912. A ƙara wata 9, 219978 sau 4 ya zama 879912. Dalilin yana cikin riƙo: 9 sau 4 talatin da shida, da 3 da aka riƙe talatin da tara, a rubuta 9 a sake riƙe 3, komai ya koma yadda yake. Ko 9 ɗari ka jera, haka za ta yi ta tafiya. Ita ma 1089 haka, 10989 sau 9 ya ba da 98901, sai dai a nan 8 ake riƙewa. Ana kuma iya jera su: 21782178 ta yi, 217802178 da sifili a tsakani ma ta yi.

Inda ake zamewa shi ne a zaci kowane haɗi zai yi. Sifili a tsakiyar 2178 ɗin kanta ba ya aiki, 21078 sau 4 84312 ne. Haɗa 2178 da 1089 ba ya aiki, don ɗaya da 4 take tafiya ɗaya da 9. Kuma jerin sai ya zama ɓangaren hagu ya yi daidai da na dama: 217821978 sau 4 ya ba da 871287912, juyinta kuwa 879128712 ne. Da ido kamar sun yi kama, shi ya sa mai duba amsa ya kamata ya bi gurbi-gurbi, kuma ya san ƙaramar kalkuleta mai gurbi takwas za ta gaza masa a nan. Adadin irin waɗannan lambobi ma sananne ne. Babu ko ɗaya mai gurbi biyu ko uku. Daga gurbi 4 zuwa 7 biyu-biyu ne, 8 da 9 huɗu-huɗu, 10 da 11 shida-shida, 12 da 13 goma-goma. A ɗauki rabin kowane adadi, 1, 2, 3, 5, sai ga jerin Fibonacci ya fito, wato jerin da kowace lamba a cikinsa jimillar biyun da suka gabace ta ce. Tun a 1940 masanin lissafin nan na Ingila, G. H. Hardy, ya ambaci 8712 da 9801 tare, su biyun, ba ɗaya ba.

Ina kyautata zaton wanda ya shirya tambayar ya ruɗe ne da wasan nan na lamba mai gurbi uku: 732 a cire 237 saura 495, a tara da 594 a sami 1089. Wasan yana da daɗi, amma shaharar 1089 ba hujja ba ce. Ita kanta tambayar akwai gyara. Ba ku cire irin su 1221 da 77 ba, waɗanda juyinsu su ne kansu, ko wace kuwa tana raba kanta. Ba ku kuma faɗi hukuncin masu ƙarewa da sifili ba, kamar 540 da juyinta 045 ke shiga cikinta sau 12, ko da yake wannan ta bayan hanya ce. Mai tsara gasa shi ya kamata ya toshe waɗannan kafofi tun kafin ya buga.

Yaro ya zauna ya yi aikinsa daidai, jarida ta ce masa ya faɗi. Gobe malaminsa zai ce masa jarida ba ta ƙarya. Abin da nake nema kaɗan ne: ku buga gyara a shafin da kuka buga kuskuren, ba a wani lungu da ƙananan haruffa ba, ku koma kan amsoshin da aka aiko, ku fito da sunan duk wanda ya rubuta 2178 ko ɗaya daga cikin danginta.

Tunda na ɗauki biro, shafinku na farashin kasuwa ma yana neman a duba shi. Kuɗin buhun dankalin Turawa da kwandon tumatir da kuke cewa na Farin Gada ne, mako ya bi mako ba ya motsi, kamar wakilin naku daga gida yake rubutowa. Ku tura shi kasuwar da safe ya tambayi dillalai.

Na gode.

Mai karanta jaridarku,
daga Unguwar Rogo, Jos