Godiya ga masu gyaran firij na bayan kasuwar Sabon Gari

Assalamu alaikum jama'a. Na ce ba zan yi shiru ba sai na fito fili na gode wa Oga injiniya da yaransa, masu shagon gyaran firij ɗin nan na bayan kasuwar Sabon Gari, kan abin da suka yi min da injin ƙanƙarata ya lalace.

Ni a Tudun Wada nake sana'ar ƙanƙara, kuma duk ɗan Zariya ya san yadda ake rububinta in azumi ya faɗo cikin zafi, tun kafin la'asar yara ke layi da kuloli, ga masu zoɓo da kunun aya kowa na jira. To ana azumi na 6 injin ya tsaya. In an kunna sai ya ɗan yi gurnani ka ji ƙas ya ɗauke, daga baya ma ya koma yana faɗar da bireka. Wanda na fara kira ko mita bai ciro ba ya ce gas ne, ya ƙara ya karɓi kuɗinsa, ba abin da ya canja.

Oga, kai da ka zo ko maganar kuɗi ba ka yi ba, durƙusawa ka yi ka fara da kafasita da rile, ƙananan kayan da ke tayar da kwamfresa, wato na'urar da ke matsa gas ya zagaya injin, ka ce sau da yawa su ne ke mutuwa a ɗora wa kwamfresa laifi. Da ka ga lafiyarsu lau sai ka cire wayoyi ka sa mita a ƙafafun nan uku na kwamfresa, ka ɗora ɗaya a jikin ƙarfen, mita ta yi ƙara, ka ce Alhaji zo ka gani da idonka, koyil ya ƙone har ya taɓa bodi. Man ciki ma da ka zubo a murfin roba baƙi ƙirin yake, ƙauri kamar an ƙona taya.

Abin da ya fi burge ni shi ne ka nemo abin da ya kashe kwamfresan. Ashe ƙurar hunturu ce ta toshe kwandensa mai fitar da zafin injin, fanka ta rage gudu, ga wuta tana zuwa ƙasa da bolt 180 maimakon 220, shi kuwa yana ta wahala cikin zafi ban sani ba. Ka ce in ba a gyara wannan ba sabon ma binsa zai yi.

Ka faɗa min farashin sabon kwamfresa da na Beljiyam ka bar ni na zaɓa, ka kawo mai ƙarfi ɗaya da nawa mai cin gas R404A kamar yadda ke rubuce a jikin injin. Yaranka suka wanke bututu, suka canja diraya mai tace datti da danshi daga gas, suka yi walda, aka bi da kumfar sabulu ko akwai yoyo, aka zuƙe iskar cikin bututu da injin bakum sannan aka auna gas a sikeli, ba da ka ba. Duk da bakin azumi suka yi wannan, a gidana suka sha ruwa.

Sitabilaiza na saya kamar yadda ka ce, kuma in an kawo wuta sai mun jira minti 5 kafin mu kunna. Allah ya saka da alheri Oga, ya yi wa sana'a albarka, ya raya zuri'a. Ka ce wa ƙaramin yaron nan mai walda ƙanƙarar shan ruwansa tana nan kullum har sallah.