Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiya

Assalamu alaikum. Kwamitin zartarwa na ƙungiyarmu ta ɗalibai da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje masu jin Hausa a Legas yana gabatar muku da rahoton bana. Kamar yadda babban taro ya amince, karatunmu na wata-wata ya tsaya a kan maudu'i guda, wato gyaran da ƙwayar halitta take yi wa enzayim (sinadarai masu hanzarta ayyukan jiki) masu narkar da furotin, da kuma furotin masu daƙile su, bayan ta gama ƙera su.

A zaman Agege an bayyana cewa jiki yakan fitar da waɗannan enzayim tamkar wuƙa a cikin kube. Tumbi yana samar da fefsinojin, wanda ba ya zama fefsin, wato enzayim mai narkar da furotin a tumbi, sai asid ya sa an yanke masa amino asid (tubalan ginin furotin) 44, shi kuwa tirifsinojin, wani enzayim ɗin da ke fitowa a cikin kube, ba ya fara aiki sai ya isa farkon ƙaramin hanji. Malam mai gabatarwa ya kawo ɗanyen gwanda, ya tsaga bayansa, ya shafa farin ƙaron, mai ɗauke da enzayim mai narkar da furotin, a kan tsokar nama, mambobi suka taɓa suka ji yadda ta yi laushi.

Zaman Idi-Araba ne, a ganin kwamiti, ya fi armashi. An tattauna alfa-1 antitirifsin, furotin mai amino asid 394 da hanta take ƙerawa, ta liƙa masa sarƙoƙin sukari uku kafin ta sake shi cikin jini, inda yake kare huhu daga ɓarnar elastas, wani enzayim mai narkar da furotin. Hayaƙin taba yana lalata metayonin, amino asid ɗin da ke gurbi na 358 a jikin antitirifsin, kuma da zarar haka ta faru, elastas sai ya samu sararin cin naman huhu. Masu bincike Laurell da Eriksson ne suka gano cutar ƙarancin alfa-1 antitirifsin a Suwidin a 1963. Tambayoyi sun yi yawa har aka kira sallar magariba ba a kammala ba.

Batun bitamin K, wanda hanta ke buƙata wajen gyara furotirombin, wani furotin na jini, domin jini ya daskare, bai samu haƙƙinsa ba, saboda ruwan sama da cunkoson motoci sun hana yawancin mambobi zuwa. Da shi za a buɗe karatun baɗi, tare da bayanin yadda maganin wafarin, mai hana jini daskarewa, yake toshe wannan gyara, kuma muna roƙon 'yan uwa masu aikin harhaɗa magunguna su jagoranci zaman.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa