Tsakanin Lamine Yamal da Désiré Doué, ga tawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina da ɗan gidan kallon ƙwallo a Tudun Wadan Zariya, benci goma sha biyu da janareto mai yawan tari. Tun daren 31 ga Mayu 2025, da PSG ta lallasa Inter Milan da ci biyar da nema a wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai, gardama ɗaya ta ƙi ƙarewa a wajena: Yamal na Barcelona ne gaba ko Doué na PSG? A can ba a barin mutum ya kai aya, shi ya sa na ɗauko alƙalami.

In dai buga wurare da yawa ake nufi, Doué ne, babu ja. Kocin PSG Luis Enrique kan sa shi a lamba bakwai, wato gefen dama, gobe ya mayar da shi lamba sha ɗaya a gefen hagu, jibi ka gan shi a tsakiya yana raba ƙwallo, kamar yadda ya saba tun yana tsohon kulob ɗinsa Rennes. A wancan daren shi ya miƙa wa Hakimi ƙwallon farko, alhali yana iya bugawa da kansa, sannan ya zura biyu. Yana da shekara 19 a lokacin. Kuma in ƙwallo ta ƙwace yakan dawo baya ya taya tsaro, abin da masu ihu a bencina ba sa lura da shi.

Yamal kuwa gefen dama ne gidansa. Kowa ya san ƙafar hagu zai juyo da ita ciki. Mai tsaron baya ya sani, kocinsa ya sani, har yaron da ke sayar da gyaɗa a ƙofata ya sani, amma a hana shi ya gagara. Dubi yadda ya wahalar da Dimarco, ɗan bayan Inter, a wasan da Barcelona ta yi 3-3 da wannan Inter ɗin, 'yan makonni kafin Doué ya same su. Ko ƙwallon da ya lanƙwasa wa Faransa yana buga wa Sifaniya a gasar Turai ta 2024 yana ɗan shekara 16. Da ta shiga, wani dattijo da ba ya ko goyon bayan Sifaniya ya miƙe ya cire hula, ya kasa cewa komai. Ni Madrid nake so, don haka ba daɗin faɗin wannan nake ji ba.

Kada kuma a manta an haifi Doué a 2005, Yamal a 2007. A wannan mataki shekara biyu ba wasa ba ce, ga shi Yamal har ya zo na biyu a Ballon d'Or ta 2025, bayan Dembélé.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne gajiya. Ansu Fati ma an ba shi riga mai lamba 10 a Barcelona bayan tafiyar Messi, raunin gwiwa ya hana shi komawa yadda yake. Yanzu rigar na jikin Yamal, kusan kowane wasa da shi, kulob na ja ƙasa na ja. Doué yana da Dembélé, Kvaratskhelia da Barcola da za su karɓe shi ya huta.

In aka ce in ɗauki ɗaya, Yamal zan ɗauka, in dinga zaunar da shi a benci duk wasa na uku, ko 'yan kallo za su zage ni.

Naku,
Mai gidan kallo,
Tudun Wada, Zariya