Tunatarwa kan gyambon kwanciya

Assalamu alaikum ƴan uwa ma'aikatan jinya. Don Allah mu ƙara lura da majinyatan da suka daɗe a kwance, musamman tsofaffi da masu shanyewar ɓarin jiki.

A riƙa juya su duk bayan awa 2, har cikin dare, a rubuta lokacin. Duk juyi a duba kwankwaso, kwatangwalo, dunduniya da ƙeya ko sun yi ja. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, sai a taɓa: in wurin ya ƙara duhu, ya yi ɗumi ko tauri, gyambo ya fara. Kada a murza shi, murzawa na ƙara lalata naman da jini bai isa ba.

A sa matashi ƙarƙashin sha-raɓa don dunduniya ta bar katifa. In an ɗaga gado ta wajen kai, kada ya wuce digiri 30, sai in numfashi ya buƙaci haka. Zanin da fitsari ya jiƙa a canza nan take, a ɗaga majinyaci, kada a ja shi.

Dangi masu kwana da shi a koya musu wannan, a ba shi ƙwai, wake da kifi.