Zuwa ga Abba, kan maganar hawan dutsen nan naku

Assalamu alaikum Abba, ya karatu, ya abokan naka, da fatan kowa lafiya. Ummanka ta faɗa min wai kai da abokanka kuna shirin fita yawon ƙafa cikin ƙauye ku hau dutse idan an yi hutu, kuma kana jin nauyin tarata da maganar saboda kasan motar gida bazata je ba. Toh motar kam bazata je ba, amma tafiyar ban hana ba, na ma ji daɗi wallahi, yaron da ya tashi a Kaduna tsakanin Unguwar Rimi da Kawo bai san komai ba sai kwalta da go-slow ya kamata ya taka ƙasar jiharsa da ƙafarsa. Sai dai akwai maganganu da nake so ka karanta a nutse, ka kuma karanta ma abokan naka.

Wanda bashi da mota daga dawowa yake fara lissafi. Zuwa ba wuya, da sassafe kowace tasha cike take da mota, ana lodi ana tashi, amma da zarar la'asar ta yi a ƙauye sai kaga motoci sun ɗauke, direban da ya rage shi kuma ba zai tashi ba sai ya cika, kuna zaune rana na faɗuwa, daga ƙarshe ko ku yi shatar motar da kuɗi mai yawa ko ku kwana inda baku shirya kwana ba, ko kuma mafi muni ku shiga hanya da daddare, wanda shi ne abin da bana so ko kaɗan. Saboda haka da kun sauka a tasha kafin ku ɗaga kai ku kalli dutsen, ku nemi ɗan kamasho ko 'yan yuniyon ku tambaya motar ƙarshe ƙarfe nawa take tashi, ku karɓi lambar direba ɗaya da ta ɗan acaɓa ɗaya, sannan duk lokacin da aka ce muku ku rage awa guda a kai, wannan shi ne lokacinku. A watan Nuwamba wajen ƙarfe 6 magariba ta yi, kenan ƙarfe 2 na rana ya same ku kun juyo kuna saukowa, ko kun kai ƙololuwa ko baku kai ba.

Ummanka tace kuna maganar Kagoro. Dutsen Kagoro wuri ne mai kyau ba ƙarya, ga mutane da gonakinsu a can sama, ga ruwan Matsirga kusa da Kafanchan in kun samu lokaci, amma ba tafiyar yini ɗaya bace ga mai hawa motar haya. Daga tashar Television zaku hau motar Kafanchan, ku bi ta Kachia, awa uku zuwa huɗu kuna hanya in ba'a samu matsala ba, sannan ku sake hawa wata ƙaramar mota ko mashin zuwa Kagoro, kaga kafin ku isa rana ta take, hawa sai washegari. Dole kenan ku kama masauki a Kafanchan tun kafin ku bar gida, kwana biyu, ranar farko zuwa da gaishe-gaishe, rana ta biyu hawa, ta uku ku yi sammako ku dawo. Kuma kar ku sa tafiyar ta faɗa ranar 1 ga Janairu sai in bikin Afan ɗin, bikin al'adar mutanen Kagoro, kuka je kallo, don ranar garin cike yake, masauki da mota duk wahala suke.

Ni dai a nawa ra'ayin ku fara da dutsen Kufena na Zariya. Mota daga tashar Kawo zuwa Zariya bata yankewa, kusan kilomita 80 ne, kuna sauka ku hau Keke zuwa Wusasa, dutsen na nan kusa yana kallonku. Ku hau da safe, ku ga garin Zazzau shimfiɗe a ƙasa, ku ga ragowar tsohuwar ganuwa, in kun sauko ku leƙa tsohon cocin Wusasa na ginin ƙasa wanda aka gina tun 1929, a unguwar ne Janar Yakubu Gowon ya taso, ku yi azahar ku ci abinci ku dawo gida kafin magariba. A wannan yini ɗayan zaka gane waye cikin abokanka ƙafarsa ke ɗaukar tafiya, waye mai saurin gajiya, waye mai taurin kai da in an ce a juya zai ce a ƙara gaba kaɗan, kuma gara ka gane haka a Zariya inda mota ke ko'ina da ka gane a saman Kagoro. In Kufena ta yi kyau sai a yi maganar Kagoro hutu na gaba, ni da kaina zan taimaka da kuɗin masauki.

Ɓangaren Birnin Gwari da dajin Kamuku kuwa kar ma ku kawo shi cikin hira, na san akwai gandun daji na ƙasa a can amma ban yarda ba, kasan abin da masu garkuwa da mutane suka yi ma yankin nan shekara da shekaru. Ko hanyar Kajuru da Kachia ma, ranar da zaku tafi sai an kira wani mazaunin can an ji yadda gari ya kwana, labarin satin da ya wuce baya amfani. In aka ce akwai ƙishin-ƙishin, a fasa, kuɗin mota da aka tara ba inda zai je. Kuma dan Allah kar ku sa a Facebook ko status cewa gobe muna wuri kaza ƙarfe kaza, hotunan su jira sai kun dawo gida.

Abu na gaba shi ne mutanen gari, kuma wannan yafi takalmi da jaka muhimmanci. Da ɗan gari kan ci gari Abba. Kuna isa ku tambayi gidan mai unguwa ko dagaci, ku durƙusa ku gaishe shi, ku faɗi daga inda kuke, ku 'ya'yan waye, me ya kawo ku, ku roƙa a haɗa ku da saurayi ɗaya da ya san hanya, ku yi ciniki da shi tun a ƙasa ku biya shi da mutunci. A zamanin nan samari huɗu biyar baƙi da jakunkuna a baya suna ratsa daji ba wanda ya san da zuwansu, in 'yan banga suka tare ku ba zaka ga laifinsu ba. Shi ɗan rakiyar ne ya san inda ƙudan zuma suke a kogo, ya san rafin da ake sha da wanda ba'a sha, ya san wurin da mutanen gari basa so baƙo ya taka, in yace nan ba'a shiga toh ba'a shiga, ba sai ka nemi dalili ba. Mutanen Kagoro yawancinsu Kirista ne kuma suna jin Hausa sarai, ka girmama su a garinsu kamar yadda kake so a girmama ka, in lokacin sallah yayi ka nemi izini a nuna maka wuri mai tsabta, ranar Lahadi kuma ka sani da safe mutane na coci, mota da mashin sukan yi ƙaranci. Kar ku ratsa gonar mutane don yanke hanya, lokacin kaka ne, dawa na tsaye, citta na shanye, wahalar shekara guda ce ta wani.

Lokaci mafi kyau ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, gari bai bushe ba tukun. Da damina dutse santsi gare shi ga tsawa, Disamba da Janairu kuma hazo kan rufe komai ka sha wahalar hawa ka ga fari fat, Maris da Afrilu zafi ba'a magana.

Kaya kar ku cika, duk abin da ka ɗauka a bayanka zai kwana. Ruwa aƙalla lita 3 kowane mutum, dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, kilishi, burodi. Kambas wanda ƙafarka ta saba da shi da safa mai kauri, sabon takalmi bororo zai yi maka tun kafin rabin hanya, silifas kuma a bar shi a masauki. Dogon wando saboda ciyawa da ƙaya, hula, tocila, fawa bank, katin shaidarka don akwai shingayen jami'an tsaro a hanya, kuma kar wanda ya ɗaga waya ya ɗauke su hoto. Kuɗi a hannu, ƙananan canji, a raba gida biyu a aljihu daban-daban, don a ƙauye sabis na iya ɗaukewa taransifa ta ƙi tafiya mai POS kuma ya tashi. Ku sayi ORS, wato haɗin gishiri da suga, a kemis, in ya ƙare lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri ya wadatar ga wanda jiri ko gudawa ta kama.

Maciji kuma, Allah Ya tsare, akwai kububuwa da kasa a irin wuraren nan, kar ka sa hannu a ramin dutse ko ƙarƙashin icce da baka gani, ka riƙe sanda kana buga ciyawa a gabanka. In tsautsayi ya faɗa kan wani, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaurewa tam da igiya, a cire zobe ko agogo, a hana ƙafar motsi, a ɗauke shi a nemi mashin zuwa asibiti mafi kusa nan take, anan ne lambar ɗan acaɓan da nace ku karɓa zata yi rana.

Kar ku gaza mutum huɗu, ta yadda in ɗaya ya ji ciwo ɗaya zai zauna da shi biyu su sauka neman taimako, kuma ba'a barin kowa a baya, tafiyar mai rauni ita ce tafiyar kowa. Ka kira ni in kun shiga mota, in kun sauka, da in kun sauko daga dutse, in ba sabis ka turo tes zai shigo daga baya. Kafin ranar Laraba ka turo min sunayen waɗanda zaku tafi tare da lambar iyayensu, ina so in yi magana da su. Ummanka da ƙannenka suna gaishe ka, Allah Ya yi maka albarka.

Babanka